Daga Ɗan Koyo Zuwa Mai Maƙera: Jagorar Shiga Ƙira da Kayan Ado na Hannu

Wanda zai shiga ƙira a wannan zamani ya fara sanin abokin gasarsa. Masana'anta ce, wadda ke buga zobe dubu kafin shi ya gama goge guda ɗaya. A arha ba za ka kamo ta ba, a yawa ma haka. Amma akwai inda injin ba ya kaiwa: ba ya auna yatsan mai saye, ba ya gyara sarƙar da aka gada daga kaka, ba ya ƙera ƙofa daidai da bakin da magini ya bari a karkace, kuma ba ya tsayawa ya ce ni na yi wannan, in ya lalace a dawo mini da shi. A nan abincin maƙeri yake. Duk matakan da ke ƙasa an jera su ne don su kai ka wannan wuri. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin magana, amma mata da yawa na cin abinci da wannan sana'a, musamman a ƙiran kayan ado.

Mataki na farko: zaɓi ƙofar da za ka shiga

Ƙira gida ne mai ƙofofi da yawa. Akwai ƙiran baƙi, inda ake dukan baƙin ƙarfe da zafinsa a fitar da ƙofofi, shingen bene, mariƙin fitila da wuƙaƙe. Akwai ƙiran fari, wato aikin azurfa, zinariya, jan ƙarfe da tagulla: zobe, 'yan kunne, awarwaro, faranti mai zane. Akwai zubi, inda ake narka ƙarfe a zuba shi a cikin tsarin da aka shirya. Akwai kuma walda, wadda ta zama ƙashin bayan manyan ayyukan ado na gini.

Ka zaɓi ɗaya ka riƙe ta shekara biyu ko uku kafin ka leƙa wata. Abin da zai yanke maka hukunci shi ne jikinka da wurin da kake da shi. Ƙiran baƙi na son fili, iska, ƙarfin kafaɗa da maƙwabta masu haƙurin ƙara. Ƙiran fari teburi ɗaya ya ishe shi, amma yana cin ido da wuya, kuma kayan aikinsa tsada gare su, kuskure kaɗan asara ce. Ga mai ƙaramin jari, a ganina babu abin farawa kamar jan ƙarfe. Yana da laushi, yana yafe kuskure, kuma kusan duk abin da hannunka ya koya a kansa zai yi maka amfani ranar da ka ɗauki azurfa.

Mataki na biyu: nemi ubangida, ka zauna

Bidiyon intanet zai nuna maka yadda ake riƙe guduma. Ba zai ga yadda kai ka riƙe ta ba, balle ya gyara maka gwiwar hannu. Shi ya sa tun da can sana'ar nan ta hanyar zama a gaban gwani ake ɗaukarta. A Ingila dokar 1563 ta ɗora wa ɗan koyo shekara 7 kafin ya ci gashin kansa. A Jamus har yau maƙerin zinariya yakan yi shekara 3 da rabi yana raba lokacinsa tsakanin shago da makaranta, wasu kuma bayan an yaye su sukan bi tsohuwar al'adar yawon neman ƙwarewa ta shekara 3 da kwana 1, suna aiki a hannun gwanaye daban-daban. Ba lallai ka yi shekara 7 ba, amma wanda ya ce zai mai da kai maƙeri a wata uku kuɗinka yake so.

Kafin ka miƙa kanka ga kowa, ka je shagonsa ka duba abu biyu. Na farko, juya aikinsa ka ga bayansa da cikinsa, inda mai saye ba ya dubawa. In can ma a goge yake, liƙin a tsabtace, ka sami malami. Na biyu, dubi yaran da suka daɗe a wurinsa. Suna taɓa wuta da guduma, ko har yanzu aike da shara kawai suke yi? A yi yarjejeniya a fili tun ranar farko, zai fi kyau a rubuce: tsawon lokacin koyo, abin da za a koya maka, ko akwai ɗan abin kashewa, da yadda za a yaye ka.

Watannin farko za su ƙare a guga da magagari, wanke kaya da hura wuta. Kada ka raina su. Wanda ya share wata uku yana gyara liƙin wani ya riga ya san mummunan liƙi kafin ya yi nasa.

Mataki na uku: san halin ƙarfe da wuta

Nan ne zuciyar sana'ar, don haka zan daɗe a kai.

Kowane ƙarfe da zafin da yake narkewa. A ma'aunin Salsiyos, kuza na narkewa a 232, dalma a 327, alminiyam a 660, azurfa a 962, zinariya a 1064, jan ƙarfe a 1085, baƙin ƙarfe tsantsa sai 1538. Waɗannan lambobi ba na jarrabawa ba ne. Su ne ke gaya maka cewa alminiyam zai zube a gabanka ba tare da ya yi ja ya gargaɗe ka ba, kuma ɗigon dalma ɗaya da ya maƙale a jikin azurfa zai ci ta ya bar rami da zarar ka kai ta wuta. Saboda haka magagarin da ya taɓa dalma kada ya kusanci azurfa ko zinariya.

Yawancin abin da za ka riƙe gauraye ne. Tagulla mai ruwan ɗorawa jan ƙarfe ce da tutiya, sau da yawa kashi 70 da kashi 30. Wadda ake zuba mutum-mutumi da ita jan ƙarfe ce da kuza, kuzar kusan kashi 12 cikin ɗari. Azurfar da ake buga wa 925 tana nufin kashi 92.5 azurfa, saura 7.5 galibi jan ƙarfe, domin azurfa tsantsa ta yi laushi da yawa. Zinariya kuma da karat ake auna ta: 24 ita ce tsantsa, 22 ana buga mata 916, 21 ana buga mata 875, 18 kuma 750.

Sai darasin da ke rikita kowane sabon shiga. In kana dukan jan ƙarfe ko azurfa da sanyinsu, za ka ji suna ƙara tauri a ƙarƙashin guduma, ƙarar dukan ma tana canzawa, tana ƙara kaifi. In ka ci gaba, za su tsage. Maganin shi ne ka mayar da su wuta har su yi ja mai duhu, irin wanda sai a inuwa ake ganinsa, sannan ka sanyaya. Jan ƙarfe kana iya tsoma shi a ruwa nan take. Azurfa da tagulla ka bari jan ya gushe tukuna. Za su fito da laushi, ka ci gaba da aiki. Kwano ɗaya mai zurfi zai iya komawa wuta sau da yawa kafin ya kammala.

Baƙin ƙarfe mai yawan kabon, wato sinadarin gawayi da ke cikinsa, akasin haka yake. Tsoma shi da zafinsa taurara shi yake yi. Ga yadda ake yi, misali in kana ƙera cizal ko abin buga zane daga tsohon magagari. Ka zafafa bakinsa har ya daina kama maganaɗisu, wanda ke faruwa a kusan 770, ka ƙara masa zafi kaɗan, ka tsoma a mai. Yanzu in ka goga masa magagari zai zame, ba zai ci ba. Amma a wannan hali gautsi gare shi, duka ɗaya zai fasa shi. Sai ka goge bakin ya yi haske, ka sa masa wuta a hankali daga baya, ka zuba ido. Launuka za su taso suna tafiya zuwa baki: ruwan ɗorawa mai haske, sai mai duhu, sai ruwan ƙasa, sai shunayya, sai shuɗi. Ruwan ɗorawa, wajen 230, ya dace da kayan yanka da na buga zane. Shuɗi, wajen 300, na abin da ake so ya lanƙwasa ya dawo. Da launin da kake so ya iso baki, ka tsoma. Ƙarfen da kabon ɗinsa bai kai kashi 0.3 cikin ɗari ba, irin wanda ake ƙofofi da shi, ko ka tsoma shi sau goma ba zai yi taurin kirki ba, don haka kada ka ɓata gawayi.

Mataki na huɗu: horar da hannu bi da bi

Fara da awo da zane a kan ƙarfe, sannan yanka, sannan guga, sannan lanƙwasa, sannan liƙi. Mutane suna ɗokin wuta su tsallake zarto da magagari, alhali mafi yawan aikin da ya fito da kyau a nan ya samo kyansa.

Siririn zarton maƙerin fari haƙoransa ƙasa suke kallo, wajen mariƙi, kuma yana yanka ne in ka jawo shi ƙasa. Ka ɗaure shi ya yi tsam, ka bar haƙora kamar uku su hau kaurin ƙarfen, ka shafa masa kakin zuma, kada ka danna. Za ka karya da yawa a farko, kowa ya karya. Magagari kuma a turawa yake ci. In kana goga shi gaba da baya da ƙarfi ɗaya, dakushe shi kake yi.

Aikin gwaji mafi amfani shi ne zobe mara ado. Ka auna faɗin ramin da kake so, ka ƙara kaurin ƙarfen, ka ninka da 3.14. Rami mai milimita 18 da ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 zai ba ka 19.5, wanda in ka ninka ya zama milimita 61 da ɗan ɗoriya. Ka yanke, ka gyara bakunan biyu da magagari har in ka haɗa su ka ɗaga wa haske, hasken ba ya ratsawa. Wannan sharaɗi ne, domin ƙarfen liƙi ba ya cike giɓi, yana bin tsagin da ya matse ne kawai. Ka shafa boraks, farin garin da ke taimaka wa liƙi ya gudana, ka ɗora ɗan ƙanƙanin ƙarfen liƙi, ka zafafa zoben gaba ɗayansa, ba wurin liƙin kaɗai ba. Liƙi zafi yake bi. In ɓangare ɗaya ya fi zafi, can zai gudu ya bar maka haɗin a buɗe. In komai ya daidaita za ka ga wani siririn layi mai sheƙi ya bi tsagin cikin ƙiftawar ido, a nan za ka janye wuta. Ƙarfen liƙin azurfa hawa uku ne, mai wuyar narkewa, matsakaici da mai sauƙi. A aikin da ke da haɗi da yawa ka fara da mai wuya ka ƙare da mai sauƙi, don kada liƙin baya ya warware na farko.

Bayan wuta ana jiƙa aikin a ruwan asid mai rauni don cire baƙin da ya hau. Ruwan alif mai ɗumi ko asid ɗin lemon tsami ya wadatar, kuma sun fi aminci. Kada ka sa hantsakin baƙin ƙarfe a cikin ruwan da aka daɗe ana amfani da shi, domin zai sa jan ƙarfe ya hau kan azurfarka ta fito ja. Yi zobe ashirin irin wannan, ka jera su, ka kwatanta na farko da na ƙarshe.

Daga nan sai ado. Akwai bugun zane, inda ake kafa farantin a kan ƙaro a turo siffa daga baya, a juyo a gyara ta daga gaba. Akwai sassaƙa zane da ƙarfe mai kaifi, da murɗa siraran wayoyi, da ɗora duwatsu. Akwai kuma zubin kaki, dabarar da ta haura shekara 5,000 a duniya, wadda da ita aka zuba shahararrun kawunan Ife da allunan Benin. Ana sassaƙa siffar da kaki, a lulluɓe ta da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, a zuba ƙarfe a gurbinsa. Don sanin yawan ƙarfen da za ka narka, auna kakin ka ninka da kusan 8.5 in tagulla ce, ko 10.4 in azurfa ce, ka ƙara na hanyar zubi.

Gamawa kuma kada a yi mata gaggawa. Samfefa hawa-hawa ake binta, daga mai kaushi lamba 220 zuwa 400, 600, har mai laushi lamba 1200, kana sauya alkiblar guga a kowane hawa don ka ga ko zanen na baya ya ɓace. Injin sheƙi ba ya ɓoye ƙarzuwa, fito da ita yake yi.

Mataki na biyar: tsare lafiyarka

Ina roƙonka kada ka tsallake wannan. Maƙeri da idonsa, huhunsa da kunnensa yake cin abinci, kuma yawancin illar sana'ar a hankali take shigowa.

Ƙarfen da aka shafa wa tutiya don hana tsatsa, in aka yi masa walda ko aka sa shi a wuta, yana fitar da farin hayaƙi mai jawo zazzaɓi da ciwon jiki bayan 'yan sa'o'i. Tagulla ma haka take in ta wuce kima a wuta, domin tutiya na tafasa a 907. Ƙarfen liƙi mai sinadarin kadmiyam ya fi wannan haɗari, ka nemi wanda babu shi a ciki. Dalma guba ce mai taruwa a jiki, kuma ta fi illa ga yara, don haka kada ta shiga abin da za a sa a jiki ko a ci abinci a ciki, kada kuma ka shiga da kayan aikinka cikin iyali. Tarkacen ƙarfen da ba ka san asalinsa ba, ka yi hattara da narka shi.

Ruwa da narkakken ƙarfe ba sa haɗuwa. Ruwa in ya zama tururi yana kumbura kusan sau 1,700, saboda haka ɗan danshi a cikin tsarin zubi ya isa ya watso maka ƙarfen a fuska. Ka gasa komai ya bushe ƙayau. In za ka haɗa asid, asid ake zubawa a ruwa, ba a zuba ruwa a asid. Tabarau a ido duk lokacin da giranda ke juyawa, gilashin walda mai duhun lamba 10 ko sama, toshin kunne domin ƙarar da ta kai desibel 85 tana cin ji in an daɗe a cikinta. Tufafin auduga ko fata za ka sa, domin na roba narkewa yake ya manne a jiki. A gaban injin da ke juyawa kuma, cire safar hannu da duk abin da ke reto.

Mataki na shida: tara kayan aiki sannu a hankali

Uwar maƙera ko wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi, guduma biyu ko uku, awartaki, magagarai, zarto, abin awo, wuta. Wannan ya isa farawa. Sayi magagari da zarto masu kyau ko da tsada, sauran ka nemi na hannu. Cizal, abin buga zane da awartaki kuwa ka ƙera abinka, domin darasi ne a kansa. Kada ka ci bashi ka sayi inji sai aikin da ke hannunka ya nemi injin da kansa.

Mataki na bakwai: koyi lissafi kamar yadda ka koyi wuta

Gwanaye da yawa sun tsufa ba su tara komai ba, kuma ba hannunsu ne ya gaza ba. Farashi ne ba su iya yankawa ba. Ka buɗe littafi tun aikin farko da ka sayar. Kowane aiki ka rubuta nauyin ƙarfen da ya ci har da wanda ya tafi a guga, gawayi ko gas, samfefa da zarton da suka ƙare, da sa'o'in da ka yi a kai. Ka yanka wa sa'arka kuɗi kamar yadda za ka biya wani. Ka ɗora rabon haya da lantarki, sannan riba. Riba daban, ladan hannunka daban. Wanda ya haɗe su ba zai taɓa samun abin sayen sabon kayan aiki ba. In za ka ba masu shago su sayar, ka sani sukan ninka farashin da suka saya, don haka farashinka na sari ma sai ya ɗauke ka.

A aikin azurfa da zinariya, farashin ƙarfen na bin kasuwar duniya, wadda ke auna shi da oza ta musamman mai giram 31.1, kuma kullum yana motsi. Ka duba shi ranar da za ka yanka ciniki. Ka shimfiɗa fata ko faranti a ƙarƙashin teburi ya tare garin da ke zuba, kowane ƙarfe da gwangwaninsa, domin wannan gari kuɗi ne. Aikin da aka ba ka na musamman, ka zana shi a takarda mai shi ya amince, ka karɓi kafin alƙalami da zai sayi kayan. In ya kawo ƙarfensa, a auna a gabansa, a rubuta, a faɗa masa tun farko cewa wani abu zai ragu a wuta da guga.

Kada ka guji gyara. Yana kawo kuɗi a lokacin da ciniki ya yi sanyi, yana kuma nuna maka inda aikin wasu ke karyewa, wanda shi ne ilimin da zai hana naka karyewa.

Mataki na takwas: kafa suna da hatimi

Mai saye ba ya iya ganin cikin ƙarfe, maganarka yake saye. Shi ya sa tun 1300 Ingila ta kafa dokar gwada azurfa a buga mata hatimi, kuma har yau a Birtaniya ba a sayar da abu da sunan azurfa in ya wuce giram 7.78, ko da sunan zinariya in ya wuce giram 1, sai da hatimin ofishin gwaji. Tarayyar Turai ma tun 1994 ta taƙaita sinadarin nikel a kayan da ke taɓa fata saboda ƙaiƙayin da yake jawo wa mutane da yawa. Kowace ƙasa da dokarta, ka binciki ta inda kake da ta inda za ka aika kaya. Ko babu mai tilasta maka, abin da aka yi wa ruwan zinariya ka ce ruwa ne, tagulla ka ce tagulla ce.

Ka ƙera ƙaramin hatimi mai alamarka ka riƙa buga wa duk abin da ya fita daga hannunka. Ka ɗauki hoton kowane aiki a hasken rana mara kaifi, a kan fili mara hayaniya, har da hoton bayansa da na lokacin da ake yinsa, domin mutane suna son ganin yadda hannu ya yi abu. Instagram da Facebook na kai hoton nesa, kasuwanni irin Etsy na haɗa masu aikin hannu da masu saye a ƙasashe da yawa, amma masu zanen gine-gine, masu ƙawata ɗakuna da shagunan kyaututtuka su ne ke kawo aikin da ke maimaituwa.

Kwaikwayo hanyar koyo ce, babu laifi a cikinsa muddin kana koyo. Bayan an yaye ka, ka ware lokaci kowane mako na yin abin da ba wanda ya sa ka. Ka riƙe littafin zane. Daga cikin waɗannan gwaje-gwaje za ka ga wata siffa ko wani salon bugu yana ta dawowa, shi za ka bi ka fitar da kaya biyar ko shida masu kama da juna waɗanda za ka iya maimaitawa cikin sauri. Su za su riƙe shagon, manyan ayyuka na musamman kuma su ɗaga sunan.

Mataki na tara: lokacin buɗe naka

Alamun sun bayyana in mutane sun fara nemanka da sunanka, kana iya ɗaukar aiki daga zane har gamawa ba tare da tambaya ba, kuma kana da ajiyar da za ta riƙe ka wata shida ko ciniki bai zo ba. In da hali, ka yi shekara ɗaya ko biyu a wani shagon daban kafin nan, ka ga yadda wani gwanin ke warware matsalar da ubangidanka ke warwarewa ta wata hanya. Ka rabu da ubangidanka lafiya, kada ka janye masa abokan ciniki, domin shi ne zai fara turo maka aikin da ya yi masa yawa. Ka yi rajistar sana'ar bisa dokar wurinka, ka raba kuɗin shago da na aljihu, ka tanadi abin kashe gobara da mafitar hayaƙi kafin ka kunna wutar farko. Ɗan koyo kuwa kada ka ɗauka sai kana da aikin da zai ishe ku biyu da lokacin tsayawa a kansa, kuma ranar da ya zo ka fara masa da tabarau, toshin kunne da magagari.